Yaran da Ba Sa Cikin Rajista: Yadda Ƙauyukan Wudil Za Su Ilimantar da Yara Masu Naƙasa

Idan aka ambaci Wudil, mai karatu, abin da zai fara faɗo maka a rai bai wuce kasuwar shanu ta ranar Juma'a ba, ko gadar da ke kan kogi a hanyar Kano zuwa Maiduguri, ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, ko Kwalejin 'Yan Sanda. Gari ne da ba za a ce ilimi bai je masa ba. To amma ka bar bakin titi ka shiga ƙauyukan da ke kewaye da Utai, Lajawa, Indabo, Kausani, Achika ko Dagumawa, ka tambayi hedimasta: yara nawa ne a garin nan da ba sa ji, ko ba sa gani, ko ba sa tafiya, kuma nawa ne daga cikinsu ke zuwa aji? Tambaya ce mai wuyar amsawa, domin rajistar makaranta wanda ya zo kaɗai take rubutawa. Wanda ke zaune a tsakar gida ba ta san da shi ba.

Jama'armu ba su da rowa wajen taimako. Da azumi ana raba shinkafa, da Sallah ana raba atamfa, ana kuma raba kekunan guragu a ɗauki hoto. Duk alheri ne. Sai dai bincike ya nuna cewa abin da ke sauya rayuwar yaro mai naƙasa shi ne a gano shi da wuri, a kai shi inda za a duba shi, a shirya masa gida da makaranta, sannan a ci gaba da bibiyarsa shekara da shekaru. A wannan rubutu za mu duba dalilan kimiyya da ke bayan kowane mataki, da yadda ƙungiyar taimakon kai da kai a ƙauye za ta iya ɗaukar aikin.

Su nawa ne?

A shekarar 2021 asusun UNICEF ya fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da naƙasa a duniya, wato kusan yaro 1 cikin kowane 10. Rahoton ya ce yiwuwar irin waɗannan yara su girma ba su taɓa shiga makaranta ba ta fi ta sauran yara da kashi 49 cikin 100. Mu yi lissafi na misali da wannan ma'auni: ƙauyen da ke da yara 500, kana iya sa ran samun kusan 50 da ke da wata matsala ta ji, gani, motsi, magana ko fahimta. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Wudil mutum sama da 185,000, kuma jama'a sun ƙaru sosai tun lokacin. Ka ga ke nan ba maganar yara goma ko ashirin ake yi ba.

Me ya sa ba ma ganinsu da wannan yawa? Dalili na farko shi ne yadda ake tambaya. Idan ka shiga gida ka ce, "Akwai naƙasasshe a gidan nan?" yawanci amsar ita ce a'a. Kalmar tana da nauyi, kuma ga mutane da yawa naƙasasshe shi ne gurgu ko makaho da ke bara. Saboda haka masana ƙididdiga na rukunin Washington tare da UNICEF suka fitar da wasu tambayoyi a 2016 waɗanda ba sa ambaton naƙasa ko kaɗan. Ana tambayar uwa ne kan abin da yaro ke iya yi: yana shan wahala wajen jin magana? Yana shan wahala wajen tafiya idan aka kwatanta da sa'o'insa? Mutanen waje suna gane maganarsa? Amsar kuma hawa huɗu ce: babu wahala, akwai 'yar wahala, akwai wahala sosai, ko ba ya iyawa sam. Da wannan salo ake gano yaron da ake ce wa "mai taurin kai" alhali ji ne ba ya yi sosai, da yarinyar da ake ce wa "daƙiƙiya" alhali allo ne ba ta hangowa.

Daga ina naƙasar take zuwa?

Yawancin abubuwan da ke naƙasa yara a karkarar Kano sanannu ne a likitance, kuma da yawansu ana iya kauce musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara tana faruwa ne daga dalilan da za a iya hana su.

Ɗauki sanƙarau. Ƙwayar cutar tana kumbura fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, tana kuma iya shiga can cikin kunne ta lalata ƙananan ƙwayoyin da ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Waɗannan ƙwayoyi idan suka mutu ba sa sake tofowa. A annobar 1996, wadda ta yi wa Kano mummunan ta'adi, mutum sama da 100,000 ne suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Cikin waɗanda suka tsira daga sanƙarau na bakteriya, kusan 1 cikin 5 yakan tashi da wata matsala mai ɗorewa, kuma kurumta na kan gaba.

Sai shawarar jarirai. Idan jariri ya yi ɗorawa a kwanakin farko, wani sinadari ne mai suna bilirubin ya taru a jininsa. Kaɗan daga ciki ba komai ba ne, amma idan ya yi yawa sai ya ratsa cikin ƙwaƙwalwa ya lalata sassan da ke kula da motsi da ji. Sakamakon shi ne yaron da wuyansa bai tsaya ba, gaɓoɓinsa na sandarewa ko murɗewa, sau da yawa kuma ba ya ji. Maganin a asibiti shi ne a kwantar da jaririn ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, idan ta yi tsanani a sauya masa jini. Ruwan gulukos da jiƙe-jiƙe ba sa sauke wannan sinadari. Kafur da ake sawa cikin kayan jariri kuwa yana iya farfasa ƙwayoyin jinin yaran da suka gaji ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma.

Doguwar naƙuda tana hana ƙwaƙwalwar jariri iskar oksijin. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yana iya barin yaro da farfaɗiya ko raunin fahimta. Ƙyanda idan ta haɗu da ƙarancin bitamin A tana cinye baƙin ido. Kunnen da ke zubar da mugunya wata da watanni yana rage ji. Allurar da wanda bai ƙware ba ya soka a ɗuwawu tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa, ƙafar ta shanye. Ciwon sikila yana jawo shanyewar ɓarin jiki ga yara ƙanana, kuma a nan Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka gudanar da binciken da ya nuna ana iya gano yaran da ke cikin wannan haɗari ta hanyar auna gudun jini a ƙwaƙwalwa, a kare su da maganin haidiroksiyuriya.

Shan-inna kuwa labari ne da ke nuna cewa ana iya cin nasara. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar Kano an same shi ne a Sumaila, nan kusa da Wudil, a watan Yulin 2014, kuma a Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ita. Har yanzu dai wani nau'in yana yawo inda rigakafi ya yi ƙaranci, shi ya sa ba a daina ɗigawa yara ba.

Me ya sa ake gaggawa?

Iyaye da yawa sukan ce, "A bar shi ya ƙara girma tukuna." Kimiyyar ƙwaƙwalwa ta ce wannan jira yana da tsada. A shekarun 1960 wasu masu bincike biyu a Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel, sun rufe ido ɗaya na 'yan kyanwa a watannin farko na rayuwarsu. Da aka buɗe idon daga baya, ƙwayar idon lafiyarta ƙalau, amma kyanwar ba ta gani da shi, domin ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya kamata ya yi masa aiki ɗaya idon ya riga ya mamaye shi. Da suka yi wa babbar kyanwa haka, ba abin da ya same ta. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel a 1981. Darasin shi ne ƙwaƙwalwa tana da lokacin da take a buɗe don koyon gani, ji da harshe, kamar yadda laka ke karɓar siffa tun tana ɗanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji Hausawa.

Shi ya sa jaririn da aka haifa da yanar ido ake son a yi masa aiki cikin makonni ko watannin farko. Shi ya sa kuma ƙa'idar da likitocin ji ke bi ita ce 1-3-6: a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Haka jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe ciki, wanda ke faruwa ga kusan 1 cikin haihuwa 1,000: idan aka fara da wuri, ana gyara ƙafar da filasta da ake sauyawa duk mako na tsawon makonni kaɗan, sannan takalmi na musamman, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 suna tafiya daidai. Idan aka bari ya shekara bakwai yana taka gefen ƙafa, sai babbar tiyata.

Ga alamomin da uwa, ungozoma ko ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi za su iya lura da su ba tare da wata na'ura ba. Jaririn da ƙara mai ƙarfi ba ta razana shi. Wanda ya kai wata 6 ba ya juyowa wajen sauti. Wanda ya wuce wata 9 bai zauna da kansa ba. Wanda ya kai wata 18 bai fara tafiya ba ko bai furta kalma ko ɗaya ba. Farin tabo a tsakiyar baƙin ido. Idon jariri ko jikinsa ya yi ɗorawa. Ko ɗaya daga cikinsu ka gani, asibiti za a nufa, ba jira.

Kurma yana buƙatar harshe tun yana goye

Wannan batu ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne aka fi yin asara ba a sani ba. Yawancin yara kurame iyayensu masu ji ne. Yaron yana girma a gida ana ta hira a kansa, amma ba kalma ɗaya da ke shiga. Idan ya kai shekara bakwai ko takwas ba shi da cikakken harshe, na baki ko na hannu, bincike ya nuna da wuya ya ƙware a kowane harshe daga baya, kuma karatu da lissafi su ma su yi masa nauyi. Kunnen da ba ya ji bai taɓa basirar yaron ba. Rashin harshe a shekarun farko shi ke yin ɓarnar.

Maganar hannu harshe ce cikakkiya mai nahawunta, kuma ƙwaƙwalwa tana sarrafa ta a sassan da take sarrafa maganar baki. Mu Hausawa ma muna da tamu tun kaka da kakanni. Wata masaniyar harshe Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi shekaru tana nazarinta a tsakanin kuramen Kano, ta kuma wallafa littafi a kanta a shekarar 2000 mai suna Maganar Hannu. Abin da ke ba masu bincike sha'awa shi ne yadda masu ji da yawa a ƙasar Hausa, a kasuwa da tasha, kan iya taɓa hira da kurma da hannu ba tare da sun je wata makaranta ba.

Sai dai akwai wani ƙulli. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun Najeriya ta samo asali ne daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani baƙar fatar Amurka kurma, ya shigo da ita lokacin da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Yaron da ya taso da maganar hannun gida zai tarar da wata daban a aji. Wannan ba dalili ba ne na hana shi ta gida. Yaron da ya riƙe harshe ɗaya da kyau yana saurin ɗaukar na biyu, kamar dai yadda ɗan Bahaushe ke koyon Turanci ko Larabci a kan Hausarsa. Abu mafi arha da ƙungiyar ƙauye za ta yi shi ne ta nemo babban kurma a garin, mai iya maganar hannu, ta riƙa biyansa ɗan alawus yana ziyartar gidajen da ke da yara kurame yana koya wa yaron da uwarsa da 'yan'uwansa.

Makarantar musamman ko ta ƙauye?

Tarihin ilimin masu naƙasa a Arewa ya fara ne da makarantun musamman. Makarantar makafi ta Gindiri a jihar Filato ta buɗe a 1953. A Kano akwai makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki, wadda ke koyar da kurame da makafi. Irin waɗannan makarantu suna da ƙwararrun malamai, kuma yaro kurma yana samun abokan hira da harshensa. Amma daga Wudil zuwa Kano kilomita 40 ne da 'yan kai. Uwar da ke ƙauye ba za ta saki 'yarta mai shekara shida, wadda ba ta ji ba ta magana, ta tafi kwana a birni cikin sauƙi ba. Ko da ta yarda ma, makaranta ɗaya ba za ta ɗauke yaran ƙananan hukumomi 44 ba.

A 1994 gwamnatoci 92 suka haɗu a Salamanka ta ƙasar Sifen suka amince cewa makarantar da ke kusa da gida ita ya kamata ta karɓi kowane yaro, a gyara ta yadda za ta dace da shi. Yawancin gyaran ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Yaron da ba ya gani sosai a zaunar da shi gaba, kusa da taga, a rubuta da manyan baƙaƙe a allon da aka yi wa sabon fenti, malam kuma ya riƙa faɗin abin da yake rubutawa. Yaron da jinsa ya ragu a zaunar da shi inda zai ga bakin malam, malam ya daina magana yana fuskantar allo. Mai keke yana buƙatar gangare maimakon matakala, kuma ƙa'idar ita ce duk tsayin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12: dakalin aji mai santimita 30 yana buƙatar gangare mai mita 3.6. Idan ya fi haka tsayuwa, yaron ba zai iya tura kansa ba. Banɗaki shi ma babban dalili ne da ke korar yara, musamman mata: ƙofa mai faɗi, ƙarfen riƙewa da ɗan mazauni sun isa su riƙe yarinya a makaranta.

Akwai kuma abin da ba kuɗi ke gyara shi ba. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa idan suna shan magani a kai a kai. Malamin da ya san haka ba zai kori yaro daga aji ba, zai kwantar da shi ta gefe har abin ya wuce, ba tare da cusa masa cokali a baki ba.

Gaskiyar magana ita ce ana buƙatar hanyoyin biyu. Makaho na buƙatar wanda zai koya masa rubutun ɗigo shida da Louis Braille ya ƙirƙiro a Faransa a shekarun 1820, kuma malamin firamare na ƙauye bai iya shi ba. Mafita da aka gwada a ƙasashe da dama ita ce malami mai zagaye: ƙwararre guda da babur, yana bin makarantu biyar ko shida a mako. Jami'ar Bayero tana da sashen da ke horar da irin waɗannan malamai.

Aikin ƙungiya a ƙauye

Bayan taron Alma-Ata na 1978, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin kula da masu naƙasa a cikin al'ummarsu, maimakon jiran su zo babban asibiti. A 2010 aka fitar da jagorar tsarin mai ginshiƙai biyar: lafiya, ilimi, sana'a, zamantakewa da ba masu naƙasa ikon magana da bakinsu. Hikimar haɗa su ita ce kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa. Yaron da ke bara yana kawo kuɗin cefane ba za a sake shi ya tafi makaranta ba sai uwarsa ta samu wata hanyar samu.

Shin ziyarar gida da mutanen gari ke yi tana da tasiri kuwa? Shahararren misali daga Jamaika yake. A tsakiyar shekarun 1980 masu bincike a Kingston suka ɗauki yara ƙanana da rashin abinci ya tsumburar, ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartar wasu daga cikinsu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata wasa da hira da yaran da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka tarar waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Yaran ba masu naƙasa irin ta ji ko gani ba ne, amma binciken ya tabbatar da cewa mutumin unguwa da aka horar zai iya sauya yadda ƙwaƙwalwar yaro ke bunƙasa.

A ƙasar Hausa ba daga sifili za a fara ba. Akwai mai unguwa da dagaci da suka san kowane gida, akwai ungozoma da wanzami da ke ganin jariri kafin suna, akwai liman da malamin Islamiyya, akwai kwamitin kula da makaranta, akwai kuma sarautun gargajiya irin su Sarkin Makafi da Sarkin Guragu. Aikin ƙungiya shi ne ta ɗinke su wuri guda. Ta fara da bin gida-gida da tambayoyin da muka ambata, mata su shiga wajen mata. Ta buɗe littafi mai sunan kowane yaro da abin da yake buƙata. Ta san inda za ta tura kowa: Babban Asibitin Wudil a matakin farko, Asibitin Ƙashi na Dala don ƙafa da gaɓoɓi, Asibitin Ido na ECWA ko na Makka a Kano don ido, Asibitin Malam Aminu Kano don ji da ƙwaƙwalwa. Sau da yawa kuɗin mota da rashin ɗan rakiya ne ke hana zuwa, don haka tara yara biyar a mota ɗaya da mutum guda da ya san hanyar asibiti ya fi ba kowa takarda a hannu.

Kayan taimako ma suna da ƙa'ida. Keken da aka yi wa babba idan aka ɗora yaro a kai yana iya karkatar masa da baya, ya kuma jawo gyambon zama, wanda kan iya kisa idan ya ruɓe. Dole a auna yaro, a sa masa matashi, a sauya keken idan ya girma. Keken asibiti mai siraran tayoyi ba ya jure yashi da taɓon damina. Ƙungiyar waɗanda shan-inna ta shafa a Kano ta daɗe tana ƙera keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda mai walda da mai faci na gari za su iya gyarawa. Na'urar ji kuwa ba batir ba ta da amfani, don haka duk mai raba ta ya tanadi batir da mai dubawa.

Wa zai biya, kuma har yaushe?

Babbar cutar ayyukan agaji ita ce mutuwa da zarar mai ba da kuɗi ya tafi. Maganin farko shi ne a san cewa ilimin yaron nan haƙƙinsa ne a doka. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci, wadda ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓarsu, ta kuma ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin da ya cika a farkon 2024. Jihar Kano ma ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019. Saboda haka ƙungiyar da ta je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da jerin sunayen yara tana neman malami ko gangare, haƙƙi ta je karɓa.

Na biyu, a dogara da abin da ke hannu. Gangare da banɗaki aikin gayya ne na yini biyu. Zakka da waƙafi hanyoyi ne da jama'a suka yarda da su, har jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi. Gona guda ko shago guda da aka yi waƙafinsa don kuɗin motar asibiti da alawus ɗin malamin maganar hannu zai yi shekaru yana aiki bayan an manta da buhunan shinkafa. Adashin iyaye mata zai iya zama jarin awara, ƙuli-ƙuli ko kiwon akuya. Ɗaliban injiniya da ke jami'a a Wudil kuwa, kujerar zama ta yaron da wuyansa bai tsaya ba ko sandar tafiya aiki ne da ya dace da aikin kammala karatunsu.

Na uku, masu naƙasa su kasance cikin masu yanke shawara. Ƙasar nan ta ga Aliyu Namangi na Zariya, makaho, mai Imfiraji, ta kuma ga Jibril Isa Diso, makaho, ya kai matsayin farfesa a Jami'ar Bayero. Uban da ya ga babban makaho yana karatu ko kurma yana ɗinki ya fi saurin gamsuwa fiye da wanda aka yi wa lacca.

Yadda za ka gane ko aiki na ci

Idan wata ƙungiya ta zo neman gudummawarka, ko kai ne ke cikinta, kada yawan kayan da aka raba ya zama ma'auni. Tambayi yara nawa aka gano, kuma suna da shekara nawa lokacin da aka gano su. Nawa ne cikin waɗanda aka tura asibiti suka je da gaske? Nawa ne aka sa a makaranta, nawa ne kuma ke nan bayan shekara guda? Mata nawa ne a cikinsu? Keken da aka raba bara, nawa ne ke tafiya yau? Yaron da ke aji, ya iya karanta sunansa ko zama kawai yake yi? Ƙungiyar da ke da littafin da zai amsa waɗannan tambayoyi ta cancanci kuɗinka.

Kai ma akwai abin da za ka fara da shi a makon nan. Ka tuna gidajen unguwarku ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta yaran da suka isa makaranta amma ba sa zuwa saboda ji, gani, tafiya, farfaɗiya ko jinkirin fahimta. Ka kai wa mai unguwa da hedimasta jerin, ku zauna da iyayen. Idan kuma akwai mai jego a gidanku, a duba idon jaririn da hasken rana kowace safiya a makon farko, a fitar da kafur daga cikin kayansa, a kuma cika masa rigakafi a kan lokaci.